Hancin Mota

A garejin Sada, bakin hanyar Zango,
aka jawo ta da igiya ranar Laraba.
Akori-kura ce, fara a da,
yanzu launin fadama har gilashi.
Tukur direba na biye da ita a ƙasa,
takalmi ɗaya a hannu,
ɗayan ya bar wa laka jingina.

Ya ce, "Ruwan fa ko ƙugu bai kai ba."
Sada bai tanka ba.
Ya kwance iyakilina, ya karkata ta,
ruwa ya zubo kamar kunun kanwa,
har da tsakuwa da guntun ciyawa.
"Iska tana matsuwa," in ji shi,
"ruwa ba ya matsuwa.
Fistan ya taso, ya iske baƙon da ba ya gusawa,
sai ƙarfe ya durƙusa."
Ya miƙo mini kwanrod
lanƙwashe kamar lauje.

Kwana tara muna cikin injin.
Ran na goma ya nuna ƙasan fitila:
"Dubi inda suka sa mata hanci,
mutanen da kwalta ke kai wa ƙofar ɗaki."

Ni na je kasuwa neman bututu.
Na dawo da na famfo, siriri, mai araha,
ina taƙama na rage canji.
Ya zare cikin biro, ya ba ni kwankon:
"Sa a baki, toshe hanci,
zagaya garejin nan da gudu."
Ban kai wurin mai walda ba
na tsaya ina haki.
Na koma na sayo mai inci huɗu.

Da alli ya zana hanyar.
Ba ta hagu ba, can salansa take,
iska mai zafi fura ce da aka tsinka,
ciki ya cika, ƙarfi babu.
Ta dama: a huda madigadi,
a bi gefen gilashi, a haura sama da rufi.
Na ce a ƙara gwiwa nan, zai fi kyau.
Ya ce kowace gwiwa dillali ce,
sai ta cire la'adarta daga numfashi.
Biyu ya yarda da su,
ta biyun ma yana tsaki.

Tukur ya so bakin ya dubi gaba,
ko don a gan shi a tashar Daura.
Sada ya juya shi baya.
Gaba akwai ruwan marka,
da caɓin motar da ta riga ka,
da reshen ƙaya mai son gaisawa.

Muka shafa gam, muka ɗaure kilif.
Da la'asar aka tayar.
Sada ya hau kan taya,
ya rufe bakin bututun da katako.
Injin ya ci gaba da guna-guni,
yana shan iska ta wata ƙofar.
Bai ce komai ba, ni ya duba.
Na rarrafa, na lalubo:
kilif na uku,
wanda na bari don kiran abinci.
Ta inda iska ta sato hanya
ta nan gulbi zai shigo.

Na ɗaure. Ya sake rufewa.
Injin ya shaƙe, ya girgiza, ya mutu.
Tukur ya dafe kai yana salati,
Sada kuwa dariya har da tari:
"Yau mutuwarta ce albishir."

Da zai tafi, ya riƙe masa ƙyaure:
"Hanci na ɗaga mata, ban mai da ita kwalekwale ba.
Wayoyi na ƙasa, giya na ƙasa.
In ka iske gulbi, sauka,
sanda ta fara shiga kafin taya."

Ruwa ya kwana uku bai ɗauke ba.
Ran Juma'a sai ga ta,
buhunan gero a baya,
zanen ruwa a ƙyaure, kamu ɗaya ƙasa da taga,
bututun a tsaye, bakinsa busasshe.
Tukur ya diro,
takalmi biyu a ƙafa.